Ƙeyar Kafinta

Saura kaɗan a buɗe ƙofar zauren baje kolin zanenta, amma tun safe Auta ba ta zauna ba. Ta gyara wannan fitila, ta matsar da wancan akwati, ta koma ta mayar da shi inda yake. Sabuwar rigarta ma har ta samu ɗigon shuɗin fenti a bakin hannu.

Akwatuna ne cike da zauren. Na ƙarfe, na fata, har da na kwali da aka ɗaure da igiya, kowanne a buɗe a kan ɗan teburinsa. Duk na mutanen da suka baro ƙasashensu ne suka shigo nan neman abin rufin asiri. Gida-gida Auta ta bi su tana roƙon aron akwatin da suka zo da shi. Sai ta zauna ta ji labarin mutum, sannan ta zana shi a cikin murfin akwatinsa.

Ba ƙaramar wuya ta sha ba kafin ta ga wannan rana. Shekaru ta yi tana yawo da zanenta, masu zaure suna ce mata, "Hannu kam kina da shi, amma ki zana mana furanni mana. Wa zai rataye baƙin ciki a falonsa?" Irin mutanen nan ne masu son jin labarin wahala, muddin an fesa mata turare tukuna.

Ƙa'ida ɗaya ta kafa wa aikin, kuma da ita take taƙama. Wanda yake da takardar zama a ƙasa, fuskarsa take zanawa. Wanda ba shi da ita, sai ta zana shi ta baya: ƙeya, wuya, kafaɗu, don kar a gane shi balle a kama shi. Har a rediyo ta faɗa da bakinta: "Duk ƙeyar da kuka gani a zaurena, mutum ne da ƙasar nan take shan guminsa, ta kuma ƙi kallon fuskarsa."

Ta tsaya gaban akwatin ƙarshe, ta yaye ƙyallen da ta lulluɓe shi da shi, sai ga murmushi ya ƙwace mata.

Ƙaramin akwati ne ruwan ƙasa, an ɗaure mariƙinsa da waya. Na Kafinta ne, saurayin da ke haɗa mata katakon zane, wanda ya ƙera duk teburan zauren nan da hannunsa. Ya ba ta ne don ta riƙa zuba buroshi. Ita kuwa ta zana shi a ciki ba tare da ta gaya masa ba, tana jiran yau ya gani.

Tun bara ya nemi aurenta. Abbanta ya ce a dakata, kuma har yau ana dakatawa.

"Auta, kin ga mun riga kowa."

Muryar Umma ce. Auta ta juya da fara'a, amma fara'ar ba ta kai ko'ina ba. Abba ne a gaba da sandarsa, Umma na biye, sai na ukunsu: Lauya, ɗan aminin Abba, wanda Abba ya fi so ta aura. Ya sha kwat da turare, yana tafiya kamar shi ya gina zauren.

"Sannu da zuwa Abba. Umma sannu." Ta dubi Lauya a kaikaice. "Yaya Lauya, ban tuna na aika maka da gayyata ba."

"Ai ɗan gida ba ya jiran gayyata, ƙanwata."

Abba ya ɗaga sanda ya nuna zauren. "Yanzu duk karatun da kika yi, a kan tarkacen mutane ya ƙare? Wannan ai sai ka ce tashar mota."

"Tashar ce, Abba. Kowa ta nan ya bi."

Lauya kuwa ya zuba hannu a aljihu yana bin akwatunan ɗaya bayan ɗaya, yana gyaɗa kai irin na wanda bai fahimci komai ba amma yana son a ce ya fahimta. Da ya kai na ƙarshe, sai ya tsaya cak. Ya sunkuya. Ya ɗago yana wani irin murmushi.

"Abba, don Allah zo ka ga wannan."

Abba ya matsa.

"Na ji hirar ƙanwata a rediyo," in ji Lauya. "Ta ce duk wanda ta zana ta baya, ba shi da takarda. Ko ba haka kika ce ba?"

Ya nuna murfin akwatin da yatsa.

"To, Abba, dubi kunnen nan. Wa ka sani a garin nan da ke saƙale guntun fensir a kunnen hagu? Dubi tabon da ke ƙasan gashi. Dubi wuyan rigar, har garin katako ta zana a kai. Wallahi ƙanwata, hannunki ya yi kyau da yawa. Ko makaho ya shafa zai ce Kafinta ne."

Auta ta dubi zanen.

Sauran ƙeyoyin da ke zauren duk ta ɓad da kamanninsu, ta sauya aski, ta goge tabo. Wannan ce kaɗai ta kasa. Ta daɗe tana zama a bayansa a shago tana kallonsa yana aiki, har ta haddace ƙeyar nan fiye da fuskarta a madubi. Da ta ɗauki buroshi, son da take masa ya hana ta yin ƙarya ko ta ɗigo ɗaya.

"Mu shiga ciki," in ji Abba. Muryarsa ta yi ƙasa, kuma Auta ta san abin da hakan ke nufi.

Suka shiga ɗan ɗakin ajiya da ke bayan zauren, inda aka jingine tsani da gwangwanayen fenti. Lauya ya ɗauko akwatin ya dire a kan tebur kamar mai kawo shaida gaban alƙali.

"Gaskiya ne?" in ji Abba.

"Takardarsa ta ƙare ne kawai, Abba. Ya nemi sabuntawa, su ne suke ta ja masa rai."

"Kin sani ke nan."

"Na sani."

"Kin sani, kika bar ni ina karɓar gaisuwarsa a falona? Ina ce masa ɗana?" Ya buga sanda a ƙasa. "Mutumin da gobe za a iya ɗaure masa hannu a tura shi inda ya fito! Shi za ki kawo min a matsayin suruki? Baƙon da ba a san gindinsa ba?"

"Baƙo?" in ji Auta. "Abba, kai ne kake cewa baƙo? A nan aka binne cibiyarka? Har yau in ka yi fushi da harshen ƙasar da ka baro kake faɗa. Har yau in aka ƙwanƙwasa ƙofa da ƙarfi sai ka miƙe tsaye!"

"Auta!" Umma ta daka mata tsawa. "Ubanki ne fa."

"Na san ubana ne, Umma, shi ya sa abin yake ƙona ni. In wani ya faɗa ba zan damu ba. Amma mu? Mun shigo, mun samu wuri, sai mu juya mu danna wa na bayanmu ƙofa a fuska, mu ce iska tana shigowa?"

"Ƙanwata, kwantar da hankalinki," in ji Lauya yana gyara wuyan kwat. "Ba zancen zuciya ba ne, zancen doka ne. Ni abin da nake tausaya miki, ba ki ga abin da yake nema a wurinki ba. Ya auri 'yar ƙasa, takarda ta fito, shi ke nan. Irinsu nawa suka zo ofishina?"

"Ka karɓi kuɗinsu kuma, ko?"

"Aikina ke nan."

"To ka tsaya a aikinka. Ni ba shari'a ba ce da za ka ci."

Lauya ya yi dariya, amma idonsa bai yi ba. "Ni ba mai kai tsegumi ba ne. Sai dai kin san ina da abokai a ofishin da ke kula da irin wannan. Kira ɗaya ne. Ban kuma ce zan yi ba. Ya danganta da yadda muka rabu a ɗakin nan."

Auta ta dubi Abba, tana jiran ya ce wa yaron nan ya rufe baki. Abba ya kau da kai yana kallon tsani.

Nan ne hawayen suka zo mata, masu zafi, na takaici.

"Abba, a gabanka ake cinikina ka yi shiru?"

Kafin ya amsa, aka turo ƙofa da kafaɗa.

"Malama Mai Fenti, ga ƙafar teburin nan na gyara, sai dai in wani ƙato ya hau kai ya yi rawa..."

Kafinta ne, riƙe da ɗan tebur, ya sa farar rigarsa ta fita, fensir na nan saƙale a kunne don ya manta da shi. Ganin su Abba ya sa ya ajiye teburin da sauri ya rusuna.

"Abba, barka da yamma. Umma, ina wuni."

Idanunsu duka na wuri ɗaya.

Ya ɗago a hankali. Idonsa ya bi nasu har ya sauka a kan akwatin. Ya daɗe yana kallon murfin. Sannan ya kai hannu ya taɓa bayan wuyansa, daidai tabon, ya zare fensirin daga kunne ya dube shi kamar yau ya fara ganinsa.

"Wannan a zauren yake?" ya tambaya.

"Don Allah ka saurare ni," in ji Auta.

"Tambayarki nake. A zauren kika sa shi, inda mutane za su shigo?"

"So na yi in ba ka mamaki. So na yi kowa ya ga..."

"Kowa ya ga me?" Muryarsa ta fashe. "Ke kaɗai na gaya wa! Ko abokin da muke kwana ɗaki ɗaya bai sani ba. Na gaya miki ne don ba na son in aure ki da ɓoye-ɓoye. Sai kika ɗauka kika yi masa fenti, kika haska masa fitila?"

"Ban zana fuskarka ba! Na kare ka, kamar yadda na kare sauran!"

"Kin kare ni? Kin hau rediyo kin gaya wa duniya ma'anar ƙeya, sannan kin zana tawa har da fensir. Da fuskata kika zana, da ba wanda zai ce komai. Ɓoyewar taki ce ta tona ni!"

Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ta fi mari ciwo.

"Kin san bambancina da ke?" ya ci gaba, idonsa ya kaɗa ya yi ja. "Ke in kin gama fushi da ƙasar nan, gida za ki koma ki kwanta. Za a tafa miki, a buga hotonki a jarida, a ce ga jaruma. Ni in na ji mota ta tsaya a ƙofar shago, sai zarto ya faɗi daga hannuna. Ke zanen tsoro kike yi. Ni da shi nake karyawa kullum safe."

"Ya isa haka, Malam," in ji Lauya. "Ka ga dai yadda abin yake. Shawarata, ka nemi wani gari tun da sauran mutunci."

Kafinta ya dube shi sama da ƙasa. "Ranka ya daɗe, teburin ofishinka ni na haɗa shi. Da ka zo kana min ciniki ba ka tambayi takardata ba."

Auta ta share fuska da bayan hannu, ta shiga tsakaninsu.

"To ku ji. Abba, ka ji. Na yi kuskure, ni zan gyara. A ɗaura mana aure a makon nan. In ya zama mijina, ba mai taɓa shi, kiran Yaya Lauya ya zama na banza."

"Kun ji ko?" Lauya ya tafa hannu. "Abin da na faɗa ke nan."

"A'a," in ji Kafinta.

Ta juyo a firgice. "A'a me?"

"Ba zan aure ki a haka ba. Tun bara nake zuwa gidanku da ƙafata, ina durƙuso, don a ba ni ke saboda ni. Yanzu in karɓe ki a matsayin hatimi? Duk ranar da muka yi saɓani, ki dube ni ki tuna ke kika tsamo ni?"

"Wallahi ba zan taɓa..."

"Za ki yi, Auta."

Umma ce ta yi maganar. Tun shigowarsu tana tsaye jikin bango, riƙe da jakarta da hannu biyu. Yanzu ta tako zuwa tsakiyar ɗakin.

"Ke, kar ki soma," in ji Abba da sauri.

"Yau kam sai na soma." Ta dubi 'yarta. "Kina ta yi wa ubanki ihu kina ce masa baƙo. Kin taɓa tambayar yadda aka yi ya daina zama baƙo? Ni ce takardarsa. A nan aka haife ni. Ya zo ba shi da komai sai rigar jikinsa, ana nemansa, na aure shi, aka bar shi."

Auta ta dubi Abba. Ya sunkuyar da kai. Wani farin ciki ya tsarga mata, ta kamo hannun Umma.

"To ai kin gani, Umma! Ke kin yi, ga shi kun zauna lafiya, kun haife mu. Ke ce za ki tsaya min!"

Umma ta zare hannunta.

"Ni ce ba zan tsaya miki ba. Kina zaton ubanki ne ya ce a dakata? Ni na sa shi. Tun ranar da yaron nan ya fara zuwa na gane irin zamansa, a bakin kujera, ido na kan ƙofa. Na san zaman nan." Ta nuna Abba. "Ubanki bai taɓa zagina ba, bai taɓa barina da yunwa ba. Amma har gashina ya yi fari ban san amsar tambaya ɗaya ba: ni ya so, ko mafita? In ya kyautata min, sai in ce godiya ce. In ya yi shiru, sai in ce nadama ce. Na tambaye shi, ya rantse, ban yarda ba, don wanda aka ceta dole ya rantse."

"Haba, ke kuwa," in ji Abba. "Duk shekarun nan?"

"Duk shekarun nan." Hawaye suka gangaro mata, ba ta share ba. "Ba zan bari 'yata ta kwana da wannan tambayar ba. Gara ta yi kuka yau, ta tsane ni, ta warke."

"Ba zan warke ba!" Auta ta ƙwalla ƙara. "Ku kuka ji tsoro, ku kuka yi shiru, sai ni zan biya? Ni na san yana sona! Na sani!"

"Ni ma haka na ce," in ji Umma.

Daga waje ana jin an buɗe ƙofar zaure, takalma na shigowa, ana dariya, kofuna na ƙara.

Kafinta ya matsa gaban Umma ya rusuna.

"Umma, na gode. Kin faɗi abin da na kasa faɗa." Ya miƙe, ya rufe murfin akwatin, ya danna makullansa biyu. "Wannan nawa ne. Ina bukatarsa."

Auta ta riƙe ɗaya gefen. "Ina za ka?"

"Inda ba a san ƙeyata ba. In takarda ta fito da sunana, da gumina, zan dawo in tsaya a gaban Abba kamar kowa. In ba ta fito ba, kar ki jira."

"Kai ma hukunta ni za ka yi? Kuskure ɗaya?"

"Ba hukunci ba ne, Malama. Sakar min."

"Ba zan saki ba!"

Ya dube ta, duban da ya fi faɗan nasa zafi. Sannan ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar yadda yake cire ƙusa daga katakon da ba ya son ya tsage. Ya ɗauki akwatin ya fita.

Ta bi shi a guje. A bakin ƙofa ta yi karo da matar da ke shugabantar zauren, fuska cike da fara'a, abin magana a hannu.

"Ga ta nan! Jama'a, ga mai zanenmu!" Ta cusa mata abin maganar, ta riƙe ta gam a kafaɗa.

Zauren ya cika maƙil. Masu kuɗi, 'yan jarida, malaman jami'a, kowa da kofinsa. Ta tsakiyarsu Kafinta yake ratsawa da akwati a hannu, bai waiwayo ba. Mutane suka dare masa hanya. Wata mata ta dubi akwatunan da ke kan tebura, ta dube shi, sai ta dafe ƙirji.

"Kai, wannan fasaha! Har da mutum na gaske ta sa a ciki!"

Aka ɗaga wayoyi ana ɗaukarsa.

"Ku daina!" Auta ta yi ihu, muryarta ta karaɗe zauren ta cikin lasifika. "Ku sauke wayoyinku! Ba wasa ba ne, tafiya zai yi! Ku tare shi!"

Wani ya fara tafi. Na kusa da shi ya kama. Nan da nan zauren ya ɗauka gaba ɗaya, har da masu fito, suna kallon hawayenta suna gyaɗa kai don jin daɗin yadda ta iya.

Ta fizge kafaɗarta, ta yar da abin maganar, ta kutsa cikin taron. Hannuwa suka yi ta miƙo mata ana son gaisawa. Ta ture su. Da ta kusa ƙofa ta waiga sau ɗaya, sai ta hango Lauya a bakin ɗakin ajiya, waya a kunne, ya kare bakinsa da hannu, Abba na tsaye kusa da shi bai hana shi ba.

Ta cire takalmanta masu tsini ta riƙe a hannu, ta faɗa titi.